Shirun da Auta Ya Yanke

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Amarya da aikin ofis. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san za ka yi dariya da ganin wasiƙa, ka ce Yaya ta koma zamanin da. Yi dariyarka ka gama. Baba ne ya kafa doka: duk maganar da ta shafi kaset-kaset ɗinsa a takarda za a yi ta, don ya karanta da idonsa. Tun da aka yi masa aikin maƙogwaro bara muryarsa ta tafi, in muna waya da kai sai dai ya zauna yana kallon bakina. Ka kuwa san Baba ba ya son a yanke magana a bayan idonsa.

Direban da ya kawo maka wannan takarda zai ba ka kwalin sabulu ɗaure da igiya. Kaset ashirin da biyu ne a ciki, waɗanda Baba ya riƙa aiko wa Mama lokacin da yake tuƙa katafila a wurin ginin madatsar ruwa, shekara uku ba ya zuwa gida sai jefi-jefi. Kai lokacin kana goye, ba abin da ka iya sai kuka da cizo.

Ga halin da ake ciki. Baba ba ya magana, sai rubutu. Mama kuma idonta ya kai inda ba ta ganin rubutu, ko da ya cika takarda da harafi ɗaya. In ina gida ni ce tafintarsu, amma ƙarfe bakwai nake fita aiki asibiti, ba na dawowa sai bayan la'asar. To, Baba ya samo dabararsa. Kullum da safe sai ya zaɓi kaset ɗaya ya saka, su zauna a falo, shi a kujerar bakin taga, ita a doguwar kujera, su sha shayi suna sauraro. Wannan ce kaɗai hanyar da muryarsa take shiga kunnenta yanzu.

Shekaranjiya rikodar ta cinye zaren kaset na tara. Na yi awa guda ina zaro shi da tsinke, ina murzawa da biro, na haɗa inda ya tsinke da salatif. Kaset ɗin ya tsira, rikodar ce ta ce ga garinku nan. Mai gyara ya buɗe ta, ya rufe, ya ce in yi haƙuri.

Abin da nake so, ka juye su duka a faifai. Rediyon falo tana ɗaukar faifai, maɓallanta manya ne, Baba ya san su ko a duhu. Kada ka ce min a zuba a waya. Na gwada, yatsan Baba ɗaya yana danna abu uku a lokaci guda, Mama kuma ta ce ba za ta saurari mijinta ta cikin abin da bai kai tafin hannu ba.

Ka hanzarta, Auta. Kwana biyu ke nan falon nan shiru, abin yana damuna ƙwarai.

Ka gaishe da Amarya. Ka huta lafiya.

Ni ce yayarka,
Yaya

*

Zuwa ga Yaya babba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da Mama, da fatan jikinsu da sauƙi. Amarya tana gaishe ku.

Takardarki ta iso, kuma na yi dariyar da kika ba ni izini. Ga faifai goma sha biyu nan a hannun direba, kowanne da lamba a bayansa. Ki ƙirga kwanakin: takwas. Ki faɗa wa Baba ɗansa ba ya wasa da aiki.

Kin ci sa'a, Yaya. Satin da ya wuce kwamfutata ta jero min abubuwan da na daɗe ban taɓa ba, don in share su in sami wuri. Na farko a jerin ita ce manhajar buga faifai, shekara uku da wata huɗu ban buɗe ta ba. Saura ƙiris in goge ta takardarki ta shigo. Wa yake buga faifai yanzu? Sai da na zaga shago biyar kafin na sami sababbi, mai shagon ma ya hure musu ƙura yana kallona kamar na tambayi fitilar ƙwai. Rikoda kuma a wurin maigadin ofishinmu na aro.

Bari in gaya miki aikin da na yi, don ki san ba juyewa kawai na yi ba. Kaset-kaset ɗin nan a cike suke da shara. Akwai wani shuuu da ke bin bayan muryar Baba, ga gurnanin janareta daga nesa. Na wanke su tas. Yanzu in kin saurara sai ki rantse a ɗakin rediyo aka ɗauka.

Na biyu, Baba bai iya riƙe rikoda ba, Allah ya ƙara masa lafiya. Sai ya yi magana kaɗan, ya yi shiru, zare yana ta tafiya a banza, wani wurin rabin minti, wani wurin har minti biyu. Ina jin mantawa yake yi bai kashe ba. Akwai wurin da ake dannawa kwamfuta ta nemo duk shiru ta yanke da kanta. Dannawa ɗaya na yi, awa ashirin da biyu ta dawo sha shida. Ban zauna na saurari duka ba, ba lokaci, amma na duba farkon kowanne, lafiya lau suke.

Tun da aiki ya ƙare, gobe zan goge manhajar, in share manyan fayilolin da na fara ɗauka, sun cinye min wuri. Kwalin kuma ban ga amfanin mayar muku da shi ba, rikoda ta mutu, zaren ma ya fara wari. In mai kwasar shara ya zo zan ba shi.

Ina jiran yabo. Ba sai ya yi tsawo ba, shafi biyu ya isa.

Naki,
Auta Injiniya

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kafin ka karanta layi na gaba, ajiye takardar nan ka je ka duba kwalin. In yana nan, ka ɗauke shi ka sa a inda ruwa ba ya zuwa. In ba ya nan, ka bi mai shara har inda yake zubarwa. Ba wasa nake yi ba.

Faya-fayanka sun iso ranar da nake hutu, don haka a gabana aka yi komai. Baba ya goge na farko da gefen rigarsa, ya saka, ya koma kujerarsa yana murmushi. Mama ta gyara zama, ta ajiye kofinta.

Muryar ta fito garau, wannan na ba ka. Ya ce, "Maman yara, kin tashi lafiya?"

Mama ta buɗe baki ta ce, "Lafiya lau, Mal..." Ba ta ƙarasa ba muryar ta wuce: "Yaya ƙafar nan taki? Yara fa? An zo an duba rufin?"

Ta ce, "Ikon Allah. Wannan sauri fa? Ana korarka ne?"

Ya ci gaba da zuba, tambaya a kan tambaya. Na ga bakinta yana motsi, tana neman inda za ta sa magana, ba wuri. Can ta naɗe hannuwanta ta ce min, "Kashe, 'yar nan. Wannan ba hira ba ce, sanarwa ce." Ta tashi tana lalubar bango ta shige ɗaki. Baba ya bi ta da ido, ya cire faifan, ya mayar cikin takardarsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da likita ya ce ba zai ƙara magana ba.

Ni ma da laifina, don ban taɓa tsayawa na ga yadda suke yi ba. Ina fita suna farawa. Na tambayi Baba, ya ɗauki allonsa ya yi ta rubutu yana gogewa, ni kuma ina karantawa. Shirun da ka yanke ba mantuwa ba ce. Da gangan ya bar shi. In ya yi tambaya a ɗakinsa na ma'aikata, sai ya tsaya yana kallon agogo, ya ba ta lokacin amsa. Ya san tsawon kowace amsa tata. Gaisuwa daƙiƙa goma. Maganar ƙafa rabin minti. Maganar rufi minti biyu, don ya san sai ta yi wa mai gyaran tas kafin ta huce. Ita kuma tun a wancan lokacin amsawa take yi da baki, tana ɗinki tana hira da rikoda.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan. Yanzu in kaset ya ce "yaya ƙafa", ba ƙafar shekara talatin take ba shi labari ba, ta yau take faɗa. Baba yana gefe yana ji, sai ya tashi ya ɗauko man shafawa. In ya ce "yara fa", ta ce Auta bai kira ba sati biyu, shi kuma ya rubuta min in ja maka kunne. Ka gane inda faɗan da nake maka yake fitowa?

Na ce mata, "Mama, ai ga shi nan a zaune, ki yi masa magana kawai, yana ji."

Ta ce, "In yi ta surutu ni kaɗai a falo kamar wadda ta zautu? A tambaye ni, in amsa. Haka muka saba."

Na ce to shuuu ɗin fa, ai an wanke, ya fi daɗin ji. Ta ce, "Wa ya aike shi? Muddin ina jin janaretan nan na san mutumin yana nan yana saurarona. Wannan naku in ya yi shiru kamar an ɗauke wuta."

Yau kwana uku suna shan shayi ba mai cewa komai. Ba zagi na zo yi ba, na san da zuciya ɗaya ka yi. Amma ka mayar musu da abinsu yadda yake, da sharar da komai. Kai za ka iya, shi ya sa ban kai wa wani ba.

Baba ya karanta wannan takarda, ya rubuta cewa kada in rage komai.

Yayarka

*

Zuwa ga Baba, da Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ina roƙon Allah ya ƙara wa Baba da Mama lafiya. Baba, ka yafe min. Na yi aiki da hannu ban yi da kunne ba.

Kwalin yana nan. Ba ni na cece shi ba, gaskiya ɗaya ce. Na fitar da shi ƙofar gida tun ranar, Amarya ta dawo daga kasuwa ta gan shi, ta ɗauka ta ɗora a saman kabad ba ta gaya min ba. Da na karanta takardar Yaya na fita da gudu ba takalmi, sai ta ce, "Ina za ka? Ka taɓa ganin an zubar da muryar uba a bola?" Ta bar ni na yi zufa na minti biyar kafin ta nuna min saman kabad. Na cancanci fiye da haka.

Sauran labarin ba shi da daɗi. Manhajar na goge ta, fayilolin farko ma na share, kamar yadda na yi alkawari, don ni mutum ne mai cika alkawarin da bai kamata ba. Na je in sake sauke ta, masu ita sun daina yin ta. Na gwada wasu guda biyu, dukansu suna cusa shiru mara sauti tsakanin lamba da lamba, janareta ya ɗauke ya dawo, irin abin da Mama ta ƙi. Tsohuwar ce kaɗai take barin sauti ya zarce ba yankewa. Daga ƙarshe mai gyaran kwamfuta na ƙasan benenmu ya zazzage durowarsa ya fito min da ita, a kan faifai, Yaya, faifan da na ce ba mai amfani da shi. Ya ce shi ba ya zubar da abu don kawai an daɗe ba a nema ba. Na ce na ji, kada ya ƙara.

Kaset ba ya yarda a gaggauta shi. Awa ɗaya ce, awa ɗaya za ka zauna. Ina yin biyu in na taso daga ofis, huɗu ranar hutu, kuma wannan karon da abin ji a kunnena daga farko har ƙarshe. Ban taɓa shuuu ba, ban taɓa janareta ba. Har tarin wani abokin ɗakin Baba na bari.

A kaset na shida akwai inda Baba ya ce, "Miƙo min Auta in ji muryarsa. Auta, ka yi haƙori?" Sai shiru. Ina zaune gaban kwamfuta, ƙato da gemu, na ji bakina ya ce, "Na yi, Baba, talatin da biyu." Amarya tana bakin ƙofa, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi dariya ba. Minti guda cur ka bar wa jariri, Baba.

Ƙari ɗaya na yi, shi ma bai taɓa sautin ba. Na sa wa kowace tambaya lamba, na rubuta jerin da manyan baƙaƙe a bayan kowane faifai. In Baba yana son ya tambayi rufi, ba sai ya jira an wuce maganar ƙafa ba, ya danna lambarsa kawai. In kuma ya bar shi, zai tafi daga farko har ƙarshe kamar kaset.

Ga goma na farko nan. Sauran sha biyu nan da sati biyu, in Allah ya yarda. Na tabbata da waɗannan, don na saurari kowace daƙiƙa. Kwalin zai zauna a wurina a cikin leda, manhajar kuma ta sami wurin zama na dindindin. Ko sau ɗaya a shekara goma zan buɗe ta, ba abin da ta tare min.

Ɗanka kuma ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta mai haƙori talatin da biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Ka gaishe min da Amarya gaisuwa ta musamman, ka ce mata ita ce injiniyar gidan.

Duka ashirin da biyu sun iso, kuma aiki ya yi. Ranar farko Mama ta ƙi fitowa, ta ce ba ta son sanarwa. Baba bai matsa ba, ya saka faifan ya ƙara murya. Janareta ya fara gurnani. Ta leƙo. Ya ce, "Maman yara, kin tashi lafiya?" Falo ya yi tsit sai shuuu. Ta tsaya riƙe da labule, ta ce, "Yau ka tuna da ladabi ke nan. Lafiya lau, Malam." Kafin a kai lamba uku tana kan doguwar kujera tana ba da labarin gwiwa.

Lambobin nan naka sun zama fitina. Baba ya haddace su cikin kwana biyu. Jiya na dawo a gajiye, ko takalmi ban cire ba, na ji murya daga falo: "An zo an duba rufin?" Na juya, yana riƙe da abin dannawa yana nuna min inda silin ya jiƙe. Ka ba shi baki, yanzu ni nake shan aike. Ban damu ba, gidan ya dawo gida, kuma na ji daɗi har raina.

Abu ɗaya na lura. Akwai faifan da Baba yake sakawa kullum a ƙarshe, na bakwai, in na shigo kuma sai ya canza. Ban tambaya ba. Kwana uku yana rubuta maka takarda, yana yagawa yana sakewa. Ga ta nan a cikin tawa. Shi ya liƙe ambulan ɗin da kansa, ya rubuta min cewa dokar karatu ba ta hau kaina ba wannan karon. Ban buɗe ba, ko da yake na ɗaga ta a rana.

Ka huta lafiya.

Yaya

*

Takarda daga hannun mahaifinka zuwa ga Auta.

Bayan sallama, Allah ya yi maka albarka, kai da iyalinka. Aikinka ya yi kyau. Maganar yafiya ta wuce.

Ina da aiki ɗaya. Faifai na bakwai, lamba huɗu. A nan na ce mata, "Akwai abin da ke ranki da ba ki faɗa min ba?" Daƙiƙa goma sha biyu kawai na bari, sannan na shiga maganar tayar katafila. Ba kuskuren agogo ba ne. A lokacin tsoron amsar nake ji.

Kullum in an zo wurin takan ce, "Akwai, Malam. Ranar da ka tafi..." sai in katse ta. Na gwada danna tsayawa, janareta ya ɗauke, ita ma ta yi shiru.

Kai ka iya rage shiru, na gani. To ka ƙara min. Ka ɗebo sautin janaretan ka ja shi minti ashirin bayan tambayar, ba tare da an ji gaɓa ba. Ka buga shi a faifai shi kaɗai, kada ka rubuta komai a bayansa.

Shekara talatin da ɗaya ina katse ta a wuri ɗaya. Ko me za ta faɗa, yanzu zan iya ɗauka.

Wassalam.
Babanka